Dannau ya kama ni sau uku: a farke nake ko barci nake yi?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina da wata damuwa da ta hana ni sukuni tun bayan azumin da ya wuce, kuma na ga ya fi dacewa in kawo ta nan, inda ake samun masu ilimin addini da masu ilimin zamani. Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe ta jami'a, kuma a 'yan watannin nan nakan raba dare ina karatu, in yi sallar asuba, sannan in koma in kwanta kafin lokacin lacca. A cikin wannan barci na bayan asuba ne abin ya same ni har sau uku.

Yadda yake zuwa shi ne, sai in ji na farka, ina ganin ɗakin kamar yadda na bar shi, fanka tana juyawa, hasken safiya yana shigowa ta gefen labule, littattafaina suna kan tabarma, amma ko ɗan yatsa ba na iya ɗagawa. In yi yunƙurin kiran wanda muke ɗaki ɗaya da shi, murya ta maƙale a maƙogwaro. Daga nan sai in ji kamar an ɗora mini buhun hatsi a ƙirji, numfashi yana neman gagarata. A karo na biyu har na ga wani abu baƙi, dogo kamar mutum, tsaye a bakin ƙofa. Ban ga fuskarsa ba, amma zuciyata ta tabbatar mini cewa ni yake kallo. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Can sai abin ya sake ni gaba ɗaya, na tashi zaune jikina sharkaf da zufa, ƙofa kuwa a kulle yadda na kulle ta.

Da na gaya wa mahaifiyata, ta ce dannau ne, ta aiko mini da rubutu da turaren hayaƙi. Wani abokina kuma ya ce in yi hattara, ta haka taɓin hankali yake farawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: idan barci nake yi, ta yaya na ga ɗakina daidai yadda yake, har na san wace safiya ce? Idan kuma a farke nake, ta yaya na ga mutumin da babu shi, kuma me ya ɗaure mini jiki? Ina roƙon duk wanda Allah ya ba sani a kan wannan ya taimaka mini da bayani.

Malamar Halayya ta rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, domin abin da ka siffanta sananne ne ƙwarai a ilimin halayyar ɗan Adam, wanda shi nake koyarwa, kuma faruwarsa kaɗai ba ta nuna taɓin hankali. A shekarar 2011 wasu masana biyu na Amurka, Brian Sharpless da Jacques Barber, sun tattara binciken da aka yi a kan mutum sama da 36,000, suka gano cewa kusan kashi 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa fuskantar dannau aƙalla sau ɗaya, a tsakanin ɗalibai kuwa adadin ya kai kashi 28 cikin 100. Idan ku ɗari ne a ajinku, akwai yiwuwar fiye da ashirin sun san abin da kake faɗa, sai dai kowa ya yi shiru da nasa.

Amsar tambayarka ita ce, a farke kake kuma barci kake yi a lokaci guda, kuma ina so ka ɗauki wannan magana a kan zahirinta. Mun saba ɗaukar hayyaci kamar fitila mai makunni ɗaya, ko dai tana kunne ko tana kashe. Abin da binciken barci ya nuna shi ne, kasancewar mutum cikin hayyacinsa ayyuka ne da dama da aka haɗa: akwai sanin abin da ke kewaye da kai, akwai iko da gaɓoɓinka, akwai rarrabe abin da ya zo daga waje da abin da ƙwaƙwalwa ta ƙaga, akwai kuma riƙe abin da ya faru don tunawa daga baya. A kullum waɗannan ayyuka tare suke kwanciya, tare suke tashi, shi ya sa muke zaton abu ɗaya ne. Ranar da ɗaya ya riga saura tashi, ranar ce mutum yake gane cewa suna iya rabuwa.

A shekarar 1953, a Jami'ar Cikago, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka lura cewa a cikin dare akwai lokutan da idanun mai barci suke motsi da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma idan aka tashe shi a daidai wannan lokaci yakan ce mafarki yake yi. Wannan mataki, da Turawa suke taƙaita sunansa da REM, yana zagayowa kusan duk bayan minti 90, kuma yana ƙara tsawo yayin da gari yake kusantar wayewa. Na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa tana nuna cewa a wannan mataki ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar ta wanda yake a farke. Ba da daɗewa ba wani likitan Faransa, Michel Jouvet, da yake bincike a kan kyanwoyi a birnin Liyon, ya nuna cewa a wannan lokaci tsokokin jiki suna sakewa gaba ɗaya, domin wani sashe a gindin ƙwaƙwalwa yana aika umarni ta laka a rufe hanyar motsi. Da ya lalata wannan sashe a wasu kyanwoyin, sai suka riƙa tashi cikin barcinsu suna farautar abin da babu shi. Irin haka yana faruwa da mutane ma: a 1986 likitoci a jihar Minnesota ta Amurka sun bayyana wasu marasa lafiya, yawancinsu dattawa maza, waɗanda wannan makulli nasu ya lalace, suna naushi da harbi da ƙafa cikin mafarki har suna ji wa kansu da matansu rauni. Ka ga ke nan ɗaurin da ya firgita ka rahama ce da take sauko maka kowane dare ba tare da ka sani ba, don kada wanda ya yi mafarkin gudu ya faɗa rijiya.

Dannau yana faruwa ne idan sanin abin da ke kewaye ya farka alhali makullin jiki bai buɗe ba, kuma sashen da yake ƙaga mafarki bai gama aikinsa ba. Ɗakin da ka gani ɗakinka ne, amma ƙwaƙwalwarka tana zuba hoton mafarki a kansa, kuma ba ta sanya wa hoton wata alama da za ta raba shi da fanka da labule ba. Nauyin ƙirji ma yana da dalili: a wannan mataki tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari suna cikin waɗanda suka saki, numfashi yana tafiya ne da tantanin da ya raba ƙirji da ciki, gajere-gajere. Iska tana isar ka, amma da ka firgita ka nemi jan dogon numfashi da gangan sai ƙirji ya ƙi amsawa, ƙwaƙwalwa kuma ta fassara wannan da cewa wani abu ya danne ka.

Batun wanda ya tsaya a ƙofa shi ne ya fi jan hankalina a matsayina na malama. Sashen ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari yana cikin masu aiki sosai a barcin mafarki, saboda haka tsoro ne yake fara zuwa, kafin a ga komai. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta barin tsoro babu dalili. Sai ta dubi inuwar rigar da ke rataye, ko duhun da ke bakin ƙofa, ta gina mutum da shi. Ka lura da yadda ka faɗa da kanka, cewa ba ka ga fuskarsa ba amma ka tabbata kai yake kallo: tabbacin ya riga ganin zuwa. Allan Cheyne na Jami'ar Waterloo a Kanada, wanda ya tattara bayanan dubban mutane, ya ga cewa abin da suke ji yakan faɗo cikin kashi uku, jin cewa wani ya shigo ɗaki, jin an danne ƙirji, da jin mutum yana shawagi ko ya fita daga jikinsa. Biyun farko su ne naka.

Kowace al'umma tana da sunan da ta ba shi. Mu muna cewa dannau, Larabawa suna cewa jasum, Japanawa suna cewa kanashibari, a tsibirin Newfoundland na Kanada kuwa wata tsohuwar mayya suke cewa tana hawa ƙirjin mutum. A 2013 Baland Jalal da Devon Hinton sun kwatanta Masar, inda da yawa suke danganta shi ga aljanu, da Danmak, inda aka fi ɗaukar sa a matsayin tangarɗar barci, suka samu cewa Misirawa sun fi yawan fuskantar sa, ya fi daɗewa a kansu, kuma sun fi jin tsoron za su mutu a cikinsa. Wannan ya dame ni matuƙa, domin yana nuna cewa tsoron abin yana ciyar da abin: mai tsoro ba ya samun barci mai kyau, rashin barci kuma yana cikin manyan abubuwan da suke jawo dannau. Kai kuwa ka haɗa raba dare, da damuwar jarrabawa, da komawa barci a daidai lokacin da barcin mafarki ya fi yawa. Ina kuma zaton a rigingine kake kwanciya.

Malamin Zaure ya rubuta:

Ɗana, Allah ya ba ka lafiya, ya kuma saka wa Malama da alheri. Na karanta bayaninta sau biyu, kuma ban ga abin da ya saɓa wa abin da muka karanta a gaban malamanmu ba, sai ma ya tuna mini da wani babi da kowane almajiri ya bi ta kansa. A littafin Ishmawi, wajen abubuwan da suke warware alwala, an raba barci kashi huɗu: dogo mai nauyi da gajere mai nauyi suna warwarewa, gajere mara nauyi ba ya warwarewa, dogo mara nauyi kuwa an so a sake alwala. Malaman Malikiyya sun ba da alamar mai nauyi, cewa shi ne wanda carbi zai faɗi daga hannun mutum, ko miyau ya dalalo masa, ko a yi magana kusa da shi, duk bai sani ba. Tun tuni fiƙihu ya san cewa tsakanin farke da barci akwai matakai, kuma ya auna su da abin da mutum yake iya ji da abin da yake iya riƙewa. Haka kuma hadisi ya zo cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da mai barci har sai ya farka, wato hisabi kansa an rataya shi ne a kan hayyaci.

Game da abin da ka gani, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, da tsoratarwa daga Shaiɗan, da abin da rai yake zantawa da kansa. Musulmi ba ya musun samuwar aljanu, amma babu wanda aka ba ikon ya dubi kowane firgici na dare ya yanke cewa aljani ne. Likitocin Musulmi na da ma sun san wannan lalura da sunan kabus, kuma Ibnu Sina ya yi mata fasali a littafinsa na likitanci, ya nema mata dalili a cikin jiki. Saboda haka ina gargaɗinka da masu cewa an yi maka jifa ko aljana ta aure ka, sai ka kawo rago ko kuɗi masu yawa. Na ga samari da aka shigar da su wannan hanya, tsoronsu ya ninka, dukiyar iyayensu ta tafi. Mahaifiyarka kuwa ƙauna ce ta sa ta aiko maka da abin da ta aiko, ka karɓi ƙaunarta, ka yi mata bayani da ladabi.

Ka riƙe alwala kafin kwanciya, da Ayatul Kursiyyu, da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ka kwanta a kan ɓangarenka na dama kamar yadda ya zo a hadisin Bara'u ɗan Azib. Idan ka ga abin ƙi, ka yi tofi ta hagunka sau uku, ka nemi tsari, ka juya daga ɓangaren da kake. Abu ɗaya kawai zan ƙara a kan maganar Malama: na'ura tana nuna wane sashe ne ya tashi, wane ne ya kwanta, amma shi wannan mai ji da ganin, wanda ya kwanta a ɗaure yana cewa “ni ne”, lamarinsa ya fi ƙarfin awo. Allah ya ce a Suratuz Zumar shi ne yake karɓar rayuka a lokacin mutuwarsu, da waɗanda ba su mutu ba a cikin barcinsu, kuma iyayenmu ma sun ce barci ƙanin mutuwa ne.

Nas ɗin Tiyata ya rubuta:

Ɗan'uwa, ni aikina ba da maganin barci ne a ɗakin tiyata, kuma abin da Malama ta faɗa na rabuwar sassan hayyaci shi ne abin da muke yi da hannunmu kowace rana. Jama'a suna cewa “allurar barci” kamar guda ɗaya ce, alhali a babban aiki magunguna iri uku muke haɗawa: wanda yake gusar da hayyaci, wanda yake kashe zafi, da wanda yake sakar da tsoka don likita ya samu damar aiki. Kowanne aikinsa daban. Da za a ba mutum na ukun shi kaɗai, zai kwanta yana ji yana gani amma ba ya iya ko ƙifta ido, wato dannau ke nan wanda aka haɗa da magani, kuma shi ne abin da kowane mai wannan sana'a ya fi tsoro ya faru a hannunsa.

A 1977 wani likita a Aberdeen ta Sukotlan, Michael Tunstall, ya ƙirƙiro wata dabara: ya ɗaure damtsen mara lafiya da abin awon jini kafin a ba da maganin sakar da tsoka, don kada maganin ya isa hannun, sannan a tsakiyar aiki ya ce mata ta matse masa yatsa idan tana ji. Wasu sukan matse, amma bayan sun farfaɗo yawancinsu ba sa tuna komai. Wannan ya koya mana cewa rashin tunawa ba hujja ba ce ta rashin sani. Wani babban bincike da aka fitar a Birtaniya da Ireland a 2014 ya samu cewa kusan mutum 1 cikin 19,000 da aka gusar wa hayyaci yakan kawo rahoton ya farka ana cikin aiki, kuma abin da ya fi firgita da yawansu shi ne rashin iya motsi, domin wasu sun zaci mutuwa ce ta zo. Shi ya sa ban raina tsoron da ka ji ba ko kaɗan.

Akwai kuma kishiyar halinka. Maganin ketamin, wanda ake amfani da shi sosai a asibitocinmu saboda ba ya cika danne numfashi, yakan bar mutum ido a buɗe, yana numfashi da kansa, wani lokaci har hannunsa yana motsi, amma shi ba ya nan, kuma da yawa suna farfaɗowa da labarin mafarkai masu ban mamaki. A 2006 kuma Adrian Owen da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila sun sanya wata matashiya mai shekara 23, wadda haɗarin mota ya bari kwance ba ta amsa komai, a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ce ta raya a ranta tana wasan tanis, sai sashen tsara motsi na ƙwaƙwalwarta ya yi aiki kamar na masu lafiya. Tun da na san wannan nake roƙon 'yan'uwan masu doguwar suma su daina maganar gado ko ta yanke ƙauna a gefen gadonsu, su riƙa kiran sunansu suna yi musu addu'a a bayyane.

Dannau shi kaɗai ba ya kisa, kuma yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. Amma idan ka ga barci yana kwashe ka da rana ba shiri, ko gwiwoyinka suna sakewa idan ka yi dariya ko ka fusata, ko ana ce maka kana jijjiga ko cizon harshe cikin barci, ko kana ganin irin waɗannan abubuwa da rana tsaka kana zaune, to ka je asibiti ka ga likitan ƙwaƙwalwa, domin waɗannan suna nuna wata lalura ce daban. Ka kuma nisanci ƙwayoyi da abubuwan sha masu hana barci da ɗalibai suke dogara da su lokacin jarrabawa.

Mai Neman Sani ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malama, kuma gaskiya ne a rigingine nake kwanciya saboda zafi. Allah ya gafarta Malam, na ji gargaɗinka, zan kira mahaifiyata in yi mata bayani yadda ka ce. Yaya Nas, babu ko ɗaya daga cikin alamomin da ka lissafa a tare da ni, alhamdu lillahi. Saura tambaya ɗaya: idan abin ya sake zuwa, akwai abin da zan iya yi ina cikinsa, kuma shin wanda muke ɗaki ɗaya zai iya taimaka mini, tunda ba na iya kiransa?

Malamar Halayya ta rubuta:

Akwai, ƙanena, kuma yana cikin abin da Jouvet da waɗanda suka biyo bayansa suka nuna, cewa makullin bai rufe idanu da numfashi ba. Da wannan ƙofa ce Keith Hearne a Jami'ar Hull ta Ingila ya yi amfani a 1975, lokacin da wani mai barci da yake gane cewa mafarki yake yi ya aiko masa da saƙo daga cikin mafarkin ta hanyar juya idanu hagu da dama kamar yadda suka yi alkawari, na'ura kuma ta rubuta. Kai ma kana da wannan ƙofa. Kada ka yi kokawa da jikinka gaba ɗaya, domin kokawar tana ƙara nauyin ƙirji da tsoro. Ka faɗa wa kanka sunan abin, cewa dannau ne kuma zai wuce, ka bar numfashi ya tafi yadda yake, ka karanta abin da Malam ya ba ka a zuci, sannan ka mai da hankali kan motsa idanu ko ɗan yatsan ƙafa guda ɗaya. Abokin ɗakinka kuwa ka gaya masa tun yanzu cewa idan ya ji kana nishi ko numfashinka ya canja bayan asuba, ya kira sunanka ya taɓa kafaɗarka, domin taɓawa ko sauti daga waje yakan warware shi nan take. Ka gwada mayar da karatunka zuwa bayan asuba, ka kwanta da wuri har na mako biyu, ka sa matashi a bayanka don kada ka juya rigingine, sannan ka dawo ka gaya mana yadda ka ji.